Cokali a Ciyayyar Ƙofar Sauri

A unguwarmu, can Ƙofar Sauri, magidanci ba ya cin tuwon dare shi kaɗai. Da an idar da sallar Magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baffa, ƙanin mahaifina, kowa ya fito da kwanon gidansa. A jera kwanonin a tsakiya, a wanke hannu a roba ɗaya, a buɗe na farko kowa ya sa hannu. In an cinye a ture shi gefe, a jawo na gaba. Ita ce ciyayya, kuma tun kafin a haife ni ake yin ta a wurin nan. Mahaifina a jikin bango yake zama, dama da Baffa. Da ya rasu aka yi sadakar arba'in, sai Baffa ya aika a kira ni, ya buga tafin hannunsa a kan tabarma daidai wurin, ya ce, "Zamna nan." Na tara takardun shaida a rayuwata, amma babu wadda ta faranta mini rai kamar wannan kalma biyu.

Mu biyar ne a lokacin. Akwai Baffa, wanda ba ya magana sai ya haɗiye loma, da wani Alhaji mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, wanda ke magana ko da lomar a baki. Akwai telan unguwa da ladanin masallacinmu. Sai ni ƙaraminsu, malamin tarihi a wata makarantar sakandare. Shekarar kuwa ita ce wadda soja suka ce za su koma bariki, alif ɗari tara da casa'in da tara, hirar siyasa ta cinye kowace hira. Tela ya ce tun da aka buga gangar siyasa kekensa bai huta ba, don duk wanda ya taɓa shugabantar ko da kwamitin gyaran kwata ne ya zo a ɗinka masa babbar riga. Alhaji ya rantse farar hula na hawa man fetur zai wadata. Ni nawa sauraro ne da dariya, da miƙa wa manya ruwan sha.

A cikin wannan hayaniya na koma jami'a neman digiri na biyu. Fannin da na zaɓa shi ne tarihin cututtuka da magani, wato yadda kakanninmu suka yi fama da ciwo, yadda aka yi jinyarsu, da irin kallon da jama'a suka yi musu. Ranar da na faɗa a ciyayya tela ya tsayar da hannunsa cikin kwano.

Ya ce, "Ashe ciwo ma tarihi gare shi? Ni na aza sarakuna kaɗai ke da tarihi."

Alhaji ya ce, "To in ka ƙare, allura za ka riƙa yi mamu ko makarantar za ka koma?"

Na ce makarantar zan koma. Ya ce Allah Ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa wanda ya sayo akuya mai tari.

Malamin da ke duba aikina a jami'a dattijo ne mai ƙarancin magana. Na zaɓi in yi rubutu a kan kuturta a ƙasar Katsina, na je Kaduna na shaƙi ƙurar tsofaffin rahotannin Turawa har na yi mura, na dawo masa da shafuka cike da lambobi ina jiran yabo. Ya juya su kaɗan ya tura mini abina. Ya ce waɗannan sun ƙirga mutane ne kawai, ba su tambaye su kome ba, kuma wasu daga cikin waɗanda aka ƙirga suna nan da ransu a bayan garinmu. Ya ce in je in zauna da su. Raina ya ɓaci ranar, don na ga wahalata ta tafi a banza, amma na sayi kasa-kasai da batir, na ɗaura rikoda a bayan babur.

In ka bar ganuwa a baya ka ɗan yi tafiya, akwai wani ƙauye a gefen tsohon asibitin da ake jinyar masu cutar. Mutanen cikinsa yawanci waɗanda aka kawo ne tun suna samari da 'yan mata, aka yi musu magani suka warke, amma ba su koma garuruwansu ba. Sun yi aure a junansu, sun haifi 'ya'ya lafiyayyu, suna noma suna kiwo. Wanda na fi zama da shi wani tsoho ne da kowa ke kira Baba, ni ma na bi sahu. Na same shi ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, rediyo a gefensa, yana ba awakinsa harawa. Yatsunsa sun tafi sai guntaye, hancinsa ya ɗan lotsa, amma idonsa garau. Na yi sallama na miƙa hannu kamar yadda zan miƙa wa kowane dattijo. Ya dubi hannun nawa ya daɗe, sannan ya ɗora nasa a kai.

Ya ce, "Likita ne kai?"

Na ce a'a.

"Mai wa'azi?"

"A'a, Baba."

"To ɗan siyasa ne. Ina sabulun?"

Na ce ni labari na zo nema. Ya yi dariya har awakin suka waiwayo, ya ce labari kam ya yi musu yawa, ba mai ɗauka. Daga nan ya ba ni na farko. Ya ce 'yan siyasa sun zo musu a mota, suka miƙo sabulu ta taga, ba wanda ya sauko. Ranar zaɓe ya je ya bi layi, aka ce ya dangwala da babban yatsa, ya ce a nemo mashi yatsan. Sai ya tsoma dungulmin hannunsa a tawada ya danna, ya rufe jam'iyyun gaba ɗaya. Ya ce, "Kowa ya ci, ni na zaɓe shi."

Na riƙa zuwa duk ranar da ba ni da aji. Ya ba ni labarin allurar wani mai mai kauri da Turawan mishan ke yi musu, wadda ke kumbura wuri ta hana zama, da zuwan ƙananan ƙwayoyi daga baya, da yadda aka ce ya warke tun ni ban zo duniya ba. Littattafan da na karanta sun ce cutar tana kashe jijiya. Shi kuwa cewa ya yi, "Ciwon nan ba shi da zahi, shi ne muguntarshi. Ka sauke tukunya daga wuta, ba ka san kome ba sai ka ji ƙauri, ka duba ka ga naka ne." Na koma gida ranar ina ta maimaita maganar a kan babur.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai a ƙauyen. Sau da yawa ina zaune ake kawo wa Baba abinci, ya buɗe ya ci a gabana, ko bismillah ba ya ce mini. Sauran ma haka. A garinmu ko maƙiyinka ya same ka kana ci sai ka yi masa tayi. Da farko na ɗauka rowa ce. Sai wata tsohuwa, maƙwabciyar Baba mai dafa masa abinci tun da matarsa ta rasu, ta ce mini sun daɗe da daina yi wa baƙo tayi. Ta ce in sun yi, sai baƙon ya kama kame-kame, ya ce azumi yake ko yanzu ya ci, su ji kunya shi ma ya ji kunya. Sai suka hutar da kowa.

Ni mutum ne da in abu ya cika mini ciki sai na faɗe shi. Wani maraice a ciyayya, hannuna cikin tuwon gidan Alhaji, na kawo labarin zaɓen Baba. Aka yi dariya sosai, tela har da ƙwarewa. Na ji daɗi, na ci gaba, na ba da labarin ranar da na fara zuwa. Sai ladan ya ɗago.

Ya ce, "Hannu ka ba shi?"

Na ce, "Na ba shi mana. Ai kullum muna gaisawa."

Alhaji, wanda bai taɓa barin kwano da saura ba, ya side hannu ya ce alhamdulillahi. Baffa ya tambayi tela ko gwamnan da aka zaɓa zai gyara hanyar Ƙofar Ƙaura. Na lura, amma na ce wa raina ba kome.

Washegari na zauna a wurina sai na ga cokali a gabana. Sabo ne ƙal, ko alamar wanki babu. Baffa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mun lura zahin tuwo na wahal da kai. Ku 'yan boko hannunku bai da ƙwari." Ni da na tashi ina cin tuwo yana tururi, tun ina tsaye a bayan mahaifina ina jiran saura! Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na ɗauki cokalin na ci, don ba a mayar wa Baffa magana a gaban mutane.

Abin bai tsaya nan ba, kuma bai zo da faɗa ba. Da faɗa ya zo da na ji sauƙi, don faɗa na iya. Da ladabi ya zo. Bayan 'yan kwanaki aka ce ina dawowa a gajiye, bai kamata in yi ta miƙa hannu nesa ba, sai aka riƙa ɗebo mini nawa a ƙaramin faranti. Robar wanke hannu ta daina zuwa wurina, aka ajiye mini buta tawa ni kaɗai. Ruwan sha da nake miƙa wa manya, tela ya karɓi aikin, ya ce ai malami ya wuce hidima. Kwanon gidana kuma ya koma ƙarshen layi. Kafin a iso gare shi kowa ya ƙoshi, sai a ɗaga murfin a leƙa, a ce ma sha Allah, a mayar a rufe.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ajiye cokalin na yi musu karatu. Na ce mutanen nan sun warke tun da daɗewa, wanda ya sha magani ba ya yaɗa cutar, guntayen yatsun tabo ne kawai kamar tabon ƙuna. Na ce likitoci da nas-nas na taɓa su kullum su koma gida su ci abinci da iyalinsu. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata ƙaramin cikinsu ya ɗaga. Suka saurare ni har na gama. Alhaji ya ce, "Ƙwarai kuwa, Malam." Ladan ya ce ai kome da ikon Allah ne, ba abin da ke kama bawa sai an rubuto mashi. Baffa ya ce Allah Ya ƙara sani. Ba wanda ya musa mini ko kalma ɗaya. Washegari na tarar da cokalina da farantina da butata an jera su tsaf.

Wadda abin ya fi ci matata ce. Ita takan jira dawowar kwano ne kamar yadda ɗalibi ke jiran sakamako. Ta san miyar taushenta ba ta da na biyu a unguwar, kuma takan tambaye ni wa ya fi ci, wa ya side kwano. Da kwanon ya fara dawowa a cike sai ta ɗauka hannunta ne ya lalace. Ta ƙara man shanu. Ta bar tuwon dawa ta koma na shinkafa. Ta yi dambu da zogale wanda ƙamshinsa ya kai bakin titi. Har sabon kwanon samira ta aika aka sayo mata. Duk ya dawo yadda ya tafi, sai kason da na ɗiba. Daga baya matar tela ta faɗa mata dalili a gidan suna, cikin raha, kamar abin da kowa ya sani.

Ta same ni a tsakar gida ina goge rikoda, ta ce, "Malam, ashe ba miyata ba ce."

Na ce ba miyarta ba ce.

Ta ce, "Ni ban gudunka. Kayanka ni ke wanke su, kwano ɗaya za mu ci in ka so. Amma yaushe za ka ƙare aikin nan?"

Na ce sai bayan damina. Ta ce Allah Ya kai mu, ta shiga ɗaki. Na ji tana jan hanci, ban bi ta ba, na ci gaba da goge rikodata.

Daga ranar na daina fita ciyayya. Na yi zaton za a aiko, don a da ko ciwon kai ya hana ni fita sai an leƙo. Ba a aiko ba. Muna haɗuwa a masallaci a gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina karatu, Baffa ya ce kwana biyu ba su gan ni ba, ya wuce bai jira amsa ba. Na koma cin abinci a zaurena. Tsakaninsa da ƙofar gidan Baffa ba nisa, ina jin ƙarar murfin kwano, ina jin dariyar tela, har ina gane kwanon wa aka buɗe daga shirun da ake yi. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a watannin nan. Ban san tuwo na da wuyar haɗiya ba sai lokacin.

Ranar da soja suka miƙa mulki gari ya cika da hon na motoci da babura, mutane sun taru a gaban talabijin ɗin gidan Alhaji tun da hantsi. Ni ina zaure da rikoda, ina kunna muryar Baba ina tsayarwa ina rubutawa. A jami'a ma ban sami abokin hira ba. Da na gabatar da babin farko, 'yan sashen tarihi suka ce wannan ai aikin likitoci ne, me ya hana ni yin tarihin fatauci ko na sarauta kamar kowa. Wani abokina likita kuma ya ce cutar ta kusa ƙarewa, ina amfanin tono ta. Malamina kaɗai ke karantawa, shi kuma iyakar yabonsa ya ce, "Ci gaba."

Da damina ta yi nisa hanyar ƙauyen ta zama taɓo, amma can kaɗai nake zuwa in ji ana murna da ganina. Wata rana na ce wa matata ta zuba mini tuwo da miyar kuɓewa a kwanon samirar nan, na ɗaure shi a bayan babur. Na iske Baba a rumfarsa. Na kwance kwanon na ajiye tsakaninmu, na buɗe, na wanke hannu.

Na ce, "Baba, bismillah."

Ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya ce, "An ware maka kwano a gida ko?"

Ban taɓa faɗa masa ba. Na ce wa ya gaya masa. Ya ce ba kowa, amma lafiyayyen mutum mai mata ba ya ɗauko tuwo ya keto taɓo don ya ci da tsoho sai in wurin cin nasa ya samu matsala. Sai na kwashe labarin duka na faɗa masa, tun daga cokali. Ya saurara yana gyaɗa kai. Sannan ya ƙwala wa maƙwabciyarsa kira ta kawo kwanonsa, ya ce in raba tuwon biyu in zuba masa nasa.

Na ce, "Baba, ni tare nake so mu ci. Ba na ƙyamarka."

Ya ce, "Na sani. Raba."

Raina ya ɓaci, na ce ashe shi ma gudu na yake yi. Ya yi 'yar dariya. Ya ce lokacin da aka sallame shi ya koma garinsu wajen Jibiya, 'yan'uwansa sun karɓe shi da murna, aka yanka kaza, aka kawo mashi tasa a kwano daban. Ya zauna damina guda yana jiran ranar da za a ce ya matso. Da ya ga ba ranar, ya tattara ya dawo nan.

Ya ce, "Ni ba abin da zan ce masu su yarda, ga hannuwan nan suna gani. Kai kana da abin cewa. Wata rana za su tambaye ka ko ka taɓa ci da mu. Kai kuma na lura da kai, ba ka iya ƙarya ba. In ka sa hannu a kwanon nan tare da ni, ka rufe ƙohwar gidan babanka da hannunka. Bari in sun tambaye ka ka rantse da gaskiyarka."

Na ce in haka ne ba na son komawar.

Ya ce, "Kana so. Ni ma ina so, ga shi na tsuhwa. Raba tuwon nan kahin ya huce."

Na raba. Muka ci a rumfa ɗaya, kowa da kwanonsa, ruwa na ɗiga daga bakin rumfar. Ya ce a gaya wa matata hannunta na da albarka. Ban taɓa jin na rasa wurin zuwa kamar ranar ba, don a gida an ware ni saboda su, su kuma sun ƙi karɓa ta saboda gida.

Da kaka ta yi na gama ɗaukar hirarrakin, na zauna rubutu. Babur ya daina fita bayan gari, kuma unguwa ba ta rasa masu lura. Wata rana bayan La'asar Baffa ya yi sallama a zaurena. Tun rasuwar mahaifina bai taɓa takowa ba, kullum ni ke zuwa. Na shimfiɗa masa darduma, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, yana ta jan carbi.

Ya ce, "An ce ka ƙare aikin can."

Na ce na gama ɗaukar abin da nake buƙata.

Ya ce, "Jama'a suka ce in yi maka tambaya guda. Tsakaninka da Allah, ka taɓa sa hannu a kwanonsu?"

Na ce, "Wallahi, Baffa, ban taɓa ba. Amma ba don..."

Ya ɗaga hannu. "Ya isa. Abin da aka tambaye ka ka amsa." Ya miƙe yana gyara hula, ya ce wurin babana ya daɗe ba kowa, in fito da kwanona bayan Magariba.

Na fita. Ba wanda ya yi maganar abin da ya wuce, ko da wasa. Robar wanke hannu ta zagayo ta iso gare ni. Kwanon gidana aka fara buɗewa, Alhaji ya ci har yana gumi, hira ta koma kan sababbin kwamishinoni da man fetur da har yanzu bai wadata ba. Na sa hannu na ci tare da su, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Amma maganar da Baffa ya katse mini tana nan, ba kuma wanda zan faɗa wa a kan tabarmar nan. Har na gama digirin babu wanda ya tambaye ni abin da na rubuta.

Kafin in miƙa aikin na koma ƙauyen sau ɗaya, da rana tsaka, don in yi wa Baba godiya. Na same shi ya rame, tari na damunsa, yana kwance a tabarma ƙarƙashin bedi. Ya yunƙura ya zauna da ya gan ni. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

Ya ce, "Sun tambaye ka?"

Na ce sun tambaya.

"Mi ka ce?"

"Na ce ban taɓa ba."

Fuskarsa ta washe kamar shi aka mayar ciyayya. Ya ce madalla, madalla, ya yi ta faɗa har tari ya tsayar da shi. Na fara yi masa bayanin yadda aikin ya kasance, da babukan da maganarsa ta shiga, ya girgiza kai ya ce in bar wannan.

Ya ce, "Miyar mi aka yi ranar?"

Na ce taushe a kwanon gidana, kuka a na Baffa.

"Wa ke zaune a damanka?"

Na ce ladan.

"Hagunka fa?"

"Baffa, ƙanin babana."

Ya ce, "Ƙanin babanka. To in an zo wajen nama, shi ke tura maka ko kai ke ɗauka?"

Na ce shi ke turo mini da ɗan yatsa, ya yi kamar bai yi ba. Baba ya lumshe ido ya jingina da itacen. Ya ce nasa baffan ma haka yake yi. Sannan ya ce in koma farko, tun daga shimfiɗa tabarma, in faɗa masa a hankali, kada in tsallake kwano ko ɗaya.